Bazarar da Na Goya Hauwa'u

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara. Malamai sun ce sai ya yi shekara talatin da uku kafin ya zagayo inda ya bari, ni kuwa ban buƙaci kowa ya yi mini lissafi ba. Ranar da aka kai azumi uku, da azahar, na kai hannu zan tura ƙofar ƙarfe ta zaure, ta ƙone mini tafi. Na tsaya nan riƙe da hannuna, na san wace shekara ce ta dawo.

Sunana Saudatu. Na koyar a firamare har na yi ritaya, amma a Sakkwato an fi sanina da waƙa. Ɗalibai kan zo daga jami'a da littafi da biro, su zauna a tabarmata, su tambaye ni me ya sa waƙoƙina ba sa fita daga uwa da ɗa, da rashi, da ruwan sama. Nakan ba su amsar da ta sauwaƙa: mace ce ni, abin da na sani ke nan. Su rubuta, su yi godiya, su tafi. Amsar gaskiya ta fi haka tsawo, kuma ba a gaban baƙo ake iya faɗinta ba.

A wancan lokacin muna zaune a wani gidan ƙasa cikin gari, ba nisa da Hubbare, inda in iska ta juyo kana jin hayaniyar masu ziyara. Mu biyar ne: ni, da maigidana Malam Buhari, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da 'yata ta fari mai shekara shida, da ƙaninta Bello yana shan nono. Malam yana koyarwa a wata makarantar Islamiyya, yana kuma noma gonar gadonsu a Dundaye, da keke yake zuwa ya dawo. Gonar nan ita ce cikinmu.

Daminar da ta gabata ta yaudare mu. Ruwa ya sauka da wuri, gero ya tashi kore shar, sai sama ta ɗauke daidai lokacin da yake fidda kai. Zangarniya ta fito siririya, in ka murza a tafi rabi ƙaiƙayi ne. Abin da Malam ya kawo gida bai kai rabin na kullum ba. Inna ta dubi buhunan da aka jingine a ɗakinta, ta ce daga yau ita ta daina cin tuwon rana, wai yana sa ta kasala. Kowa ya gane. Ni ke awo. Akwai wata 'yar ƙwarya mai tsaga a baki, da ita nake ɗiba kowace safiya, biyu da rabi. Rabin nan na yarinyar ne.

Sai azumi ya kama, zafi ya kama tare da shi. Wanda bai yi bazara a Sakkwato ba, ba zai gane ba ko an faɗa masa. Tun hantsi rana take tsayawa a ka, kamar an kifa maka tukunyar da aka sauke daga murhu. Iska in ta taso ba sauƙi take kawowa ba, sai ka ce daga bakin zuga-zugin maƙeri ta fito. Ƙadangaru su lafe a gindin randa baki buɗe. Kaji su tone inda aka zubar da ruwan wanke-wanke su kwanta ciki, fuka-fuki a sake. Ruwan randa da kansa ɗumi yake yi, sai mun naɗe ta da tsohon buhu muna yayyafa masa ruwa. Ƙurajen zafi suka feso wa Bello daga wuya har gadon baya. Famfon unguwa kuwa sai ya kwana uku bai ce uffan ba, ranar da ya kawo a bar duk abin da ake yi a bi layi da bokitai.

Kwanakin duk iri ɗaya ne. Mu yi sahur da ɗumamen tuwo da ruwa mai yawa, mu yi sallar asuba, in share gida, in tafi makaranta. Ana tashinmu da wuri saboda azumi, amma kafin in iso gida leɓena ya bushe ya tsage. Bello ya kama nono yana ja yana kuka, don ba abin kirki a ciki. Inna ta sha ce mini an yi wa mai shayarwa sassauci, in aje in rama daga baya. Ni kuwa ƙuruciya da taurin kai, gani nake in na sha ruwa da rana a gaban tsohuwa mai azumi, ƙasa za ta tsage in shige. Bayan azahar kowa ya jiƙa zane ya lulluɓa, mu kwanta ƙarƙashin rumfa, rediyo na tafsiri a hankali. Kafin mai jan baƙi ya ja aya uku zanen ya bushe ƙayau, a tashi a sake jiƙawa.

Da an yi la'asar sai aiki. Matan gida uku muke haɗuwa a tsakar gidanmu, don mu ke da babban turmi da inuwar dogon yaro. Wannan na surfe, waccan na bakace, ɗaya na tace tsamiya. Babu mai ƙarfin gama daka ita kaɗai, sai mu riƙa karɓar taɓarya bi da bi. A shekarun wadata kwanon ƙosai da na fura ke tsallaka katanga gab da magariba. A wannan shekara ma kwanon bai daina tsallakawa ba, sai dai kunun ya tsinke har kana hango gindin ludayi. Ranar da Malam ya samo guntun ƙanƙara nannaɗe cikin buhu da dusar katako, ranar biki ce, a fasa ta kowa ya samu kamar ƙwallon dabino, a tsotsa ana lumshe ido. Yanzu ga firji na gurnani a ɗakina da wutar sola, jikokina na tone ledojin ruwa suna zaɓen wanda ya fi sanyi. Nakan dube su kawai.

Waƙa kuwa a gidanmu na tashi na tarar da ita. Mahaifina yana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, tun ban san baƙi ba kunnena ya san inda baiti ya karye. Bayan aure na ci gaba a ɓoye, ina tsarawa a ka ina wanke-wanke, har ranar da Malam ya ji ni. Na ɗauka dariya zai yi. Sai ya shiga ɗaki ya fito da tawada da alƙalami da takarda, ya ce in maimaita. Daga ranar ni ke tsarawa shi ke rubutawa, don hannunsa ya fi nawa kyau. Mu ba mutanen da ke faɗin so da baki ba ne. Zaman nan da muke yi da yammacin Alhamis, ni ina rerawa ina kallon ƙasa, shi yana tsoma alƙalami, shi ne duk hirar soyayyar da muka taɓa yi, kuma ta ishe mu.

Mai gwada mini waƙa ita ce yarinyar. In na tsara baiti na rera sau biyu, sai in kasa kunne. In na jiyo ta a bayan ɗaki tana maimaita shi tana yi wa 'yar tsanarta kitso, to baitin ya zauna. In ba ta ɗauka ba, akwai inda ya gurgunce, in na koma kuwa sai na samu.

Kun ji ina ta cewa yarinyar. Haka bakina ya saba. Sunanta Hauwa'u, sunan Inna aka mayar mata, ga ta kuma 'yar fari, kunya biyu ta haɗu a kaina. A yadda aka rene mu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san yana wurin. Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin Inna, can take ci, can take kwana. Malam na ce mata Innata, Inna na ce mata Takwara, ni kuwa “ke”. Ita ma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannen Malam na faɗi. Ba wanda ya tilasta mini. Har alfahari nake da abin, don ana yabona a unguwa. Son da nake mata sai ya bi ta wasu hanyoyi. In tsame ƙosan da ya fi girma in ba Inna ta miƙa mata. In tsaya bayan labule ina kallonta tana barcin rana, baki a ɗan buɗe. Autata Balkisu yanzu takan ɗaga ɗanta na fari sama a gaban surukanta, ta kira sunansa, ta sumbace shi a goshi. Ban taɓa ce mata ta bari ba.

A azumin nan ne Hauwa'u ta ce ita ma ta girma. Inna ta yi mata dabara irin ta yara, ta kama daga safe zuwa azahar, a ɗinke mata da na gobe ya zama guda. Ranar sha bakwai ga wata, muna tsakar gida bayan la'asar, ni ke riƙe da taɓarya, maƙwabtana biyu na zaune da faifai. Bello na barci a ɗaki, bayana babu kowa. Sai ga ta ta fito daga ɗakin Inna tana jan ƙafa, ta zo ta kama gefen zanena, abin da ba ta saba yi ba.

“Yaya, kaina na ciwo. Goya ni.”

Na ji zafin hannunta ta cikin zane. Na ji shi sarai. Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya, ta ce yau dai Takwara ta tuna wadda ta haife ta. Dariyar nan ce ta sa na zame zanena daga hannunta, ko dubanta ban yi ba.

“Tahi wurin Inna. Zahin rana na.”

Ta ɗan tsaya. Sannan ta juya ta tafi, hannu ɗaya a goshi. Na ci gaba da daka.

Da magariba ba ta sha kunu ba. Inna ta ba ta ƙwayar ciwon kai, ta shafe ta da ruwa, muka ce zafi ne, yara da yawa na yin haka. Gari na wayewa ta fara amai. Ko hasken ƙofa ba ta so, sai ta runtse ido tana nishi. Inna ta sa hannu ƙarƙashin ƙeyarta za ta ɗago ta ta ba ta ruwa, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, jikin gaba ɗaya ya taso kamar itace. Na ga fuskar Inna ta sauya. Ta ƙwala wa Malam kira, yana shirin fita da keke.

“Buhari, aje keken ga. Wanga sankarau na. Ku kai ta asibiti yanzu.”

Malam ya sunkuya zai saɓa ta a kafaɗa. Ban san lokacin da na riga shi ba. Na durƙusa na juya baya, na ce a ɗora mini ita. Inna ta ɗora ta, ta janyo majanyin Bello daga igiyar shanya ta miƙo mini. Rabon da in goya ta tun ranar da aka yaye ta. Ta yi tsawo, ƙafafunta na bugun cinyoyina, kanta a sandare ya ƙi kwanciya a bayana, zafin jikinta na ratsa rigata kamar tukunyar kunu na goya.

Muka ratsa lungunan unguwa zuwa bakin titi. Hantsi ya riga ya ɗaga, motocin haya duk a cike suke wucewa, muka ga tsayuwa ba za ta kai mu ba, muka miƙa da ƙafa. Ni a gaba, Malam a baya da tabarma da buta. Kwalta ta yi laushi tana kama silifas. Ina tafe ina ce mata mun kusa, ke, yi haƙuri, mun kusa. Ko a nan “ke” na ce. Ba ta amsa ba ko sau ɗaya.

Asibiti ya cika ya batse. Cutar ta shigo gari a shekarar, ɗakuna ba wuri, an shimfiɗe marasa lafiya a gindin itatuwa, ledojin ƙarin ruwa na rataye a rassa. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu. Wata nas da idanunta suka faɗa don azumi da gajiya ta nemo mana inuwa, ta samu jijiya a hannun yarinyar da ƙyar. Kwana biyu muka yi a nan. Inna takan kawo Bello bakin ƙofar asibiti in fita in ba shi nono, ta koma da shi. Sauran lokacin ina zaune ina kore mata ƙuda da gefen mayafi, ina ɗiga mata ruwa a leɓe da auduga. Nawa leɓen na jini, ban ji ƙishi ba. Rana ta uku, ana kiran azahar, ta ja dogon numfashi sau biyu, na uku bai zo ba. Malam ya sa yatsa ya rufe mata ido, ya yi salati, muryarsa ba ta fita.

Kafin la'asar an dawo da ita gida, an yi mata sutura an tafi da ita. Mata ba sa rakiya, iyakata bakin zaure. Abin da aka fita da shi ƙarami ne ƙwarai, a cikin tabarma, mutum ɗaya ya rungume shi.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Inna ce ta zauna a mazaunin mai rashi, ita ake wa ta'aziyya, ita ke kuka a fili, don a idon duniya ita ce uwarta. Ni ina ta kai da kawowa, ina shimfiɗa tabarmi, ina dama kunun buɗa-baki da garin da maƙwabta suka tattaro mana daga ɗan abin da suke da shi. Ina ji wata tsohuwa na cewa a dubi Saudatu, ko ɗigon hawaye babu, wannan ita ce ɗiyar mutunci. Da aka kira magariba na kai ruwa baki, na kurɓa sau ɗaya na aje kofin.

Sauran azumin ban san yadda ya wuce ba. Sallah ta zo, sa'o'inta suka shigo gaisuwa da lalle a hannu, na shige madafa na zauna har suka fita. Aka koma makaranta, ga ni gaban 'yan aji ɗaya, dukansu tsawonta, dukansu da haƙoran gaba a fice kamar ita. Nakan juya wa aji baya in yi ta rubutu a allo fiye da yadda darasi ke bukata.

Abin da ya fi ci mini rai awo ne. Kowace safiya hannuna ya cika ƙwarya biyu, ya ƙara rabi, sai na zuba sannan in tuna. In tsaya in kwashe rabin nan in mayar cikin buhu. Wata rana Inna ta leƙa buhunan ta ce alhamdu lillahi, da alama hatsin zai kai mu sabon gero. Da zuciya ɗaya ta faɗa, sai da maganar ta fita ta ji abin da ta ce. Muka dubi juna. Ta koma ɗaki. Ranar ba ta ci tuwon dare ba, ni ma haka.

Waƙa ta ɗauke mini ƙaf, ko baiti ɗaya. In na fara, sai in tsinci kaina na yi shiru ina sauraron bayan ɗaki. Tsakanina da Malam kuma magana ta koma ga abinci, ga ruwan wanka, a dawo lafiya. Ba faɗa muka yi ba. Kowa na tsoron ya buɗe baki ya fasa wa ɗan'uwansa abin da yake tallabe da shi. Tawadarsa ta bushe a kwalba. Manoman Dundaye sukan yi binne, wato su shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, kuma kowace shekara Malam na cikin na farko. A wannan shekara ya ce zai jira ruwa ya sauka. Inna ta tambaye shi dalili, ya ce hannunsa ba zai iya tona rami ya rufe ba tukuna.

Ruwan kuma ya makara. Wata biyu bayan sallah sama fari fat. Hadari ya haɗu a gabas da yamma, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta zo ta watsa shi, ta bar mu da ƙasa a cikin miya. Sau biyu aka fita roƙon ruwa. Rijiyar masallaci ta koma laka. Muka koma haɗa tuwo da kwaɗon zogale don ya auku, Bello na jan nono yana kuka, ni ina jin jiri in na miƙe da sauri.

Ranar da ruwan ya sauko Laraba ce, bayan azahar. Malam na makaranta, Bello na barci a ɗakin Inna. Iska ta fara, mai sanyi wannan karon, ta kwashe shanya, ta kifar da kwanuka. Sai ɗigo manya-manya, kowanne na faɗuwa ƙasa na shanyewa. Sai ƙamshin nan ya tashi, na ƙasar da ta yi wata takwas ba ta sha ba. Sannan ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na fito da gudu ina jera bokitai ƙarƙashin indararo. A lungu na jiyo yara sun fito suna tsalle suna ihu, muryoyin da na san kowace ɗaya. Na tsaya da bokiti a hannu, ina jiran wata murya a cikinsu.

Nan waƙar ta zo. Ban neme ta ba. Ruwa na dukan kwanon rumfa da ƙarfi har ba na jin kaina, na ce ba mai ji, na saki baki:

Hauwa'u, ga ruwa ya zo gari,
Yara suna ta tsalle, ban gan ki ba.
Na auna tsaba har da rabonki ciki,
Na kwashe tuwo, ba ki zo ɗauka ba.
Shekara shida sunanki na bakina,
Kamar garwashi, ban furta ba.

Ina kaiwa nan waƙar ta tsinke, sai sunan kaɗai ya rage. Na kira shi iya ƙarfina, fuskata a sama, ruwa na shiga bakina. Na kira, na sake kira.

“Na'am,” aka ce a bayana.

Inna ce tsaye a ƙofar ɗakinta. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina, ga shi na kama sunan surukata da ƙarfi a tsakar gidanta. Na durƙusa cikin laka zan ba ta haƙuri. Sai ta fito cikin ruwan, tsohuwar da ke gudun ɗigo saboda ciwon gwiwa, ta durƙusa gabana, ta kama kaina ta sa a ƙirjinta.

“Sake kira, ɗiyata, ni in amsa maki. Kira har ki gaji.”

Na yi ta kira tana amsawa har muryata ta dushe. Kukan wata biyu ya fito a nan, irin wanda ke taso wa mutum daga ciki kamar naƙuda. Da na lafa, muna zaune a ƙasa jiƙe sharkaf, ta ba ni labarin da ko Malam bai san shi duka ba. Kafin shi ta haifi wani a Dundaye, ya kai shekara uku, ƙyanda ta ɗauke shi. Tana daka aka fito da shi za a kai, ba ta aje taɓarya ba, don uwar mijinta na kallo. Ita ma an yabe ta.

“Shekara arba'in ban hwaɗi sunanai ba,” ta ce. Ta share fuska da tafi. “Abdu. Sunanai Abdu.”

Washegari da sassafe Malam ya tafi Dundaye da iri da sungumi, ya yi kwana biyu yana shuka. Ranar da ya dawo, da la'asar, ƙafafunsa duk laka, ko wanka bai yi ba ya shige ɗaki. Na jiyo shi yana ɗiga wa kwalbar tawada ruwa yana kaɗawa. Na gane Inna ta faɗa masa waƙa ta dawo mini. Ya fito ya shimfiɗa buzu a rumfa, ya ɗora takarda a gwiwa, ya ce in fara.

A kwana biyun nan waƙar ta yi tsawo a kaina. Na rera ina kallon ƙasa kamar da. Da na kama sunan a baitin farko alƙalaminsa ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Muka yi nisa. Sai na zo kan baitin da ya fi kowanne yi mini nauyi. Malam bai san abin da ya faru ranar daka ba, ban taɓa faɗa masa ba.

Kin ce in goya ki, na ce ki tafi,
Ran da na goya ki, ba ki sani ba.

Ban ji ƙarar alƙalami ba. Na ɗaga kai, ya ajiye shi a kan takarda, idanunsa sun yi ja. Na ba shi labarin duka, hannunta a zanena, da dariyar da aka yi, da abin da na ce mata. Ya saurara har na gama. Ya ce layin farko tsakanina ne da Allah, Shi kuwa mai gafara ne, amma na biyu ba zai rubuta shi ba don ba gaskiya ba ne. Na ce masa yarinyar ba ta cikin hayyacinta tun daga gida, ni na ɗauke ta, na sani.

“Ke tana bayanki, Saude, ba ki ganin huskarta. Ni ina biye da ku. Da munka kai wajen masu saida tukwane ta buɗe ido. Ta dubi ƙeyarki, ta dubi majanyi, sannan ta dube ni ta ɗaga mini gira, awa yadda take yi in ta samu abin da ta daɗe tana so. Ta san bayan da take. Ta sani.”

Ya tsallake wurin, ya bar fili kamar faɗin yatsa biyu, ya ce in kawo na gaba. Haka waƙar ta fita duniya. Aka rera ta a rediyo, mata suka haddace, waɗanda ban taɓa gani ba suka riƙa sallama a gidan su zauna, su rage murya, su faɗa mini sunayen 'ya'yansu na fari, wasu a raye, wasu a ƙasa. Duk abin da na tsara bayan nan daga gindinta ya tsiro. Ba wanda ya san akwai baitin da babu.

Inna ta rasu bayan shekara shida, a hannuna. Malam kuma bana shekararsa tara da rasuwa. Tsawon zamanmu ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma na san shi da tausayi, irin wanda kan sa mutumin kirki ya ga abin da bai gani ba. Sau da yawa in muna zaune mu biyu nakan yi niyyar in ce masa, Malam, tsakaninka da Allah, ta buɗe idon nan? Sai in fasa. A ciwonsa na ƙarshe, wata rana da hantsi, ina tallabe da kansa ina ba shi ruwa, tambayar ta zo mini har leɓe. Ya janye baki daga kofin, ya dube ni kamar ya san abin da ke tafe, ya jira.

Na ce, “Malam, ƙara kurɓa kaɗan.”